Yadda Za Ka Nemo Tauraron da Ya Fashe Daga Sararin Samaniyar Kebbi

Ranar 19 ga Mayu, 2023, wani ɗan Japan mai suna Koichi Itagaki, wanda kallon taurari sha'awa ce kawai a wurinsa, ya ga wani ɗigon haske a hoton da ya ɗauka na wata galaksi, wato gungun biliyoyin taurari, da ake kira M101. Ɗigon nan babu shi a hotunan baya. Kafin a kwana biyu masana sun tabbatar cewa wani ƙaton tauraro ne ya fashe, aka raɗa masa suna SN 2023ixf. Tsakaninmu da shi kusan shekarar haske miliyan 21 ne, wato hasken da ya shiga kyamarar Itagaki ya shekara miliyan 21 yana tafe. Irin wannan fashewa ita ake kira supanoba.

A dararen da suka biyo baya M101 tana sama sosai a kanmu nan Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Gwandu. Duk mai matsakaicin teleskop, wato madubin kallon taurari, ko kyamara irin ta masu ɗaukar hoton biki, zai iya kama ta. Ba tsadar kayan aiki ba ce ta fi hana mutane gani, rashin sanin wurin ne tun kafin labari ya zo. Supanoba ba ta jira. Tana haskawa na 'yan makonni ta dushe, wanda kuma sai ranar ya fara koyon inda arewa take a sama, jirgi ya riga ya bar shi. Don haka yawancin aikin da ke cikin wannan jagora aiki ne na kafin a yi sanarwa.

Da farko, ka san abin da za ka gani

Ka cire hotunan intanet masu launi daga ranka. Ba za ka ga wuta tana tartsatsi ba. Ɗigo ɗaya za ka gani, daidai da kowane ƙaramin tauraro, a gefen wani dishi-dishin haske wanda shi ne galaksin. Daɗin abin yana cikin sanin cewa tauraro ɗaya tak ne ke gogayya da hasken biliyoyin 'yan'uwansa.

Fashewar iri biyu ce manya. Akwai ta tauraron da ya ninka rana nauyi aƙalla sau 8: yana ƙona makamashinsa har cibiyarsa ta zama ƙarfe, sai cibiyar ta rufta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sauran jikin ya tarwatse. Ita ce Nau'i na II, kuma ta 2023 irinta ce. Ɗayar kuwa, Nau'in Ia, wani ɗan ƙaramin mataccen tauraro ne mai tsananin nauyi da ke zuƙar kayan maƙwabcinsa, in ya doshi nauyin rana sau 1.4 sai ya tashi gaba ɗaya. Irinta ce ta bayyana a M101 ɗin dai a watan Agustan 2011. Bambancin yana da amfani ga mai kallo: Nau'in Ia kan ɗauki kusan mako uku kafin ya kai ƙololuwar haskensa, saboda haka akwai ɗan lokacin shiri, amma ta 2023 cikin 'yan kwanaki ta kai nata.

Masana suna auna hasken taurari da lamba, kuma lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai haske. Ido zalla, a wuri mai duhu sosai, yana kaiwa lamba 6. Kowace lamba ɗaya da aka ƙara, haske ya ragu kusan sau biyu da rabi, lamba 5 kuwa daidai da sau 100 ke nan. SN 2023ixf ta tsaya wajen lamba 11, wato ta gaza abin da ido ke iya gani sau 100, amma duk da haka "mai haske" ake ce mata, don yawancin waɗanda ake ganowa ba sa kusantar haka. Wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa yau da dare za a ga fashewar tauraro kamar wata, ka tambaye shi lambar haskenta. A galaksinmu rabon da a ga supanoba da ido tun 1604. Ta ƙarshe da ido ya gani ita ce ta 1987, a wata ƙaramar galaksi maƙwabciyarmu. An taɓa ganin masu girma dai: Ali ibn Ridwan, likitan Masar, ya rubuta labarin ta shekarar 1006, ya ce ta ninka Zara girma sau biyu da rabi zuwa uku.

Kuma tunda a garinmu muke, gara a faɗa: wannan ba duba ba ne. Abin da ya faru tun kafin a san akwai ɗan Adam a bayan ƙasa ba ya nuna mutuwar sarki ko ƙarancin damina.

Zaɓen dare

Mu da muka saba da lissafin wata mun fi wasu sa'a a nan. Farin wata yana shafe galaksi gaba ɗaya. Ka nemi dararen da ke tsakanin 24 ga wata zuwa 4 ko 5 ga sabon wata, lokacin da watan bai fito ba tukuna ko kuwa ya faɗi da wuri.

Sai yanayi. Hunturu yaudara ne: babu gajimare, amma hazo yana cinye duk wani haske mai rauni, kana ganin manyan taurari ka ɗauka sama a wanke take alhali ba haka ba ne. Mafi kyawun dare a wajenmu shi ne wanda ya biyo bayan ruwan sama a farkon damina, an wanke ƙura, gajimare ya yaye. An kuma yi dace, domin M101 tana kaiwa ƙololuwar tsayinta da misalin ƙarfe 12:45 na dare a ƙarshen Afrilu, da misalin 10:40 a ƙarshen Mayu. A Maris sai wajen ƙarfe 3 na dare. Daga Birnin Kebbi, wadda ke kan digiri 12 da rabi arewa, galaksin na hawa har digiri 48 daga doron ƙasa, tsayin da ya ishe ta fita daga ƙurar da ke kwance a ƙasa-ƙasa.

Inda za ka tsaya

Littattafan Turawa za su ce ka fita bayan gari can cikin daji inda babu fitila. Kada ka yi. Kowa ya san halin da ake ciki a wasu sassan Kebbi da Zamfara, babu ɗigon hasken da ya kai ranka. Tsakar gida mai faɗi, filin makaranta a cikin gari, ko bakin unguwa ta ɓangaren arewa sun wadatar, muddin babu fitila a gabanka. Ka sa gari a bayanka, ka fuskanci arewa. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa, kafin maƙwabta su tayar da janareto, ranar taka ce. Fitilun sola na kan titi su ne ba su da magani, sai dai ka raɓe a inuwar katanga.

Idan waje za ka fita, ka je wurin mai unguwa da rana, ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, yau da dare za mu kafa na'urar kallon taurari a filin makaranta," a kuma sanar da 'yan sintiri. Doguwar na'ura a kan ƙafa uku cikin duhu tana iya kama da wani abu daban a idon wanda bai sani ba. Saboda wannan dalili ne ma ban yarda da tocilan mai koren haske da wasu ke nuna taurari da ita ba. Ku tafi ku biyu ko uku, a sa rufaffen takalmi saboda kunama da maciji, masu kusa da fadama kuma su tanadi maganin sauro.

Saman bene yana da kyau don tsaro, amma a bazara siminti kan kwana yana fitar da zafin da ya sha, iskar da ke kansa ta riƙa rawa, taurari su riƙa rawa tare da ita a cikin madubi. In akwai zaɓi, ƙasa ta fi.

Kayan aiki

Madubin hangen nesa mai ido biyu, irin mai lamba 10x50, zai koya maka hanya, amma iyakarsa wajen lamba 9 zuwa 10, ba zai nuna maka supanoba mai lamba 11 ba. Don gani da idonka kana bukatar teleskop mai faɗin baki milimita 100, in so samu ne 150. Faɗin baki shi ne abin dubawa in za ka saya. Teleskop ɗin wasan yara da aka rubuta wa "sau 500" a jikin kwali asarar kuɗi ce.

Hanyar da na fi ganin za ta yiwu ga yawancinmu ita ce kyamara. Babu unguwar da ba ta da mai ɗaukar hoton biki, kuma da yawansu suna da Canon ko Nikon da dogon gilashi mai kaiwa milimita 200 ko 300, da abin ɗorawa mai ƙafa uku. Wannan ya isa. Wayar hannu ita kaɗai ba za ta yi ba, aikinta shi ne ɗaukar manhajar Stellarium, wadda ke nuna maka taswirar sama ta garinku a daidai lokacin. Ka kunna jan haskenta na dare, don farin hasken waya yana ɓata sabon da ido ya yi da duhu, sabon da ke ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya dawo.

Nemo M101

Ka fuskanci arewa. Ka miƙa hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. Tauraron arewa yana sama da doron ƙasa da dunƙule ɗaya da 'yan kai, ba shi da wani haske na a zo a gani. Sama da shi sosai za ka ga taurari 7 masu haske da suka yi siffar ludayi, huɗu kan ludayin, uku mariƙinsa. Su ne Banatu Na'ashi a littattafan Larabci. A lokutan da na ambata ludayin a kife yake, kansa na hagu, mariƙin ya miƙe dama.

Tauraron ƙarshen mariƙi sunansa Alkaid. Na kusa da shi Mizar, za ka gane shi da wani ɗan ƙaramin tauraro da ke manne a gefensa, in idonka da ƙarfi. Su biyun da M101 sun yi siffa mai kusurwa uku, M101 ita ce kusurwa ta uku: idan ludayin ya kai tsakiyar tafiyarsa, tana dama da Mizar, ƙasa da Alkaid, tazarar kusan rabin dunƙule daga kowannensu. Da madubi mai ido biyu za ka ga jerin ƙananan taurari huɗu sun tashi daga Mizar sun nufi wajenta. Bi su, inda suka ƙare ka ɗan ƙara gaba.

A nan mutane da yawa ke karaya. M101 ta kusa faɗin cikakken wata a sama, amma haskenta a baje yake, sai ka kalle ta ka rantse babu komai. Kada ka zuba mata ido kai tsaye. Ka kalli ɗan gefe, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa jin haske mai rauni. Ka ɗan taɓa teleskop ɗin ya motsa, ido ya fi saurin kama abin da ke motsi. Ka fara da gilashin ido mafi ƙarancin ƙarfi. A 2023 da yawa sun ga supanobar sarai ba su ga galaksin da take ciki ba, wannan ba abin mamaki ba ne.

Da ka same ta, ka ɗauki takarda da fensir ka zana taurarin da ke kewaye da ita, manya da ƙanana, kowa a mazauninsa. Ka maimaita a wani daren har su zauna maka. Makiyayin da ya san garkensa, baƙuwar saniya na shiga zai gane ba sai ya ƙirga ba, haka aikin nan yake. Robert Evans, wani limamin coci a Ostareliya, da wannan hanya ya gano supanoba 42 da idonsa, don ya haddace kamannin ɗaruruwan galaksi.

Kada ka tsaya kan M101 kaɗai. M51 tana ɗaya gefen Alkaid, an ga supanoba a cikinta a 1994, 2005 da 2011. M81 da M82 suna gaba da kan ludayin, nisansu kusan shekarar haske miliyan 12. A M82 ne wani malami, Steve Fossey, da ɗalibansa suka ci karo da ta Janairun 2014 suna tsakiyar darasi a Landan. Kasancewarmu kusa da tsakiyar duniya ya ba mu kudu ma: M83, wadda aka ga supanoba 6 a cikinta, tana hawa kusan digiri 47 a kudancinmu, alhali mutanen Ingila da ƙyar take leƙo musu. In kaka ta yi, akwai NGC 6946 a arewa, mai guda 10 tsakanin 1917 da 2017.

Ɗaukar hoto

Ka kafa kyamara da ƙarfi, ka mayar da komai na hannu, har da saita kaifin hoto. Ka nufi Alkaid, ka zuƙo shi a allon kyamara, ka juya zoben gilashi a hankali har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, daga nan kada ka sake taɓa zoben. Ka buɗe bakin gilashi iyakarsa, ISO 1600 ko 3200, ka zaɓi RAW.

Sama tana juyawa, don haka in ka bar kyamara a buɗe da daɗewa taurari za su zama layi. Da gilashin milimita 200, daƙiƙa 2 ta isa kowane hoto. Hoto ɗaya ba zai nuna komai ba sai duhu da ƙura-ƙura, kada ka damu. Ka ɗauki 150 zuwa 200 a jere, da na'urar latsawa daga nesa ko agogon kyamara don kada hannunka ya girgiza ta, kana dawo da galaksin tsakiya duk bayan minti biyar. In ka gama, ka rufe bakin gilashi ka ƙara 20 da saiti ɗaya, su ne za su nuna ɗigon da kyamarar ke ƙirƙira da kanta, wanda ke ƙaruwa da zafi irin namu. Sai ka loda su duka a kwamfuta cikin DeepSkyStacker ko Siril, dukansu kyauta ne, su haɗe su hoto ɗaya. A nan galaksin za ta fito. Wannan hoton shi ne ma'auninka, ka adana shi da kwanan wata.

Ƙura kuwa, a hure ta da ɗan famfon roba. Goge gilashi da bakin riga karce shi ne.

Ranar da labari ya zo

Duk sabon ɗigon da aka gano ana shigar da shi shafin Transient Name Server, wanda shi ne rajistar ƙungiyar masana taurari ta duniya. Akwai kuma shafin da David Bishop ke kula da shi a Rochester ta Amurka, mai jera supanoba masu haske da lambobinsu, ya fi sauƙin karantawa. Leƙawa sau ɗaya a mako ya isa. Sunan da ya fara da AT ba a tantance shi ba tukuna, in an tantance sai ya koma SN. Abu uku za ka duba: lambar haske, galaksin da take ciki, da mazauninta daga tsakiyar galaksin. In lambar 12 ce ko ƙasa da haka, kuma Stellarium ta nuna galaksin na sama da digiri 30 a darenku, ka fita a daren, kada ka ce sai gobe, gajimaren damina ba ya shawara da kowa.

Ka ɗauki hoto yadda ka saba, ka ajiye shi gefen tsohon. Ɗigon da ke cikin sabo babu shi a tsoho, a daidai inda aka faɗa, shi ne. In ka rikice da gabas da yamma a hoton, ka loda shi a astrometry.net, zai gane taurarin ya sa musu suna.

Daga nan sai bibiya, kuma ita ce ɓangaren da ke da amfani ga masana. Ƙungiyar AAVSO, ta masu bibiyar taurarin da haskensu ke sauyawa, tana ba da taswira mai ɗauke da lambobin taurarin da ke kewaye. Ka nemi ɗaya da ya ɗan fi supanobar haske da ɗaya da ya ɗan gaza ta. In na farko 10.8 ne, na biyu 11.4, ita kuma tana tsakiya, ka rubuta 11.1. Ka sa kwanan wata, kayan da ka yi amfani da su, yanayin sama, da lokaci a agogon duniya, wato ka cire awa ɗaya daga agogon Najeriya. Bayan wata biyu lambobin za su zana maka yadda take dushewa. Wasu 'yan Nau'i na II kan tsaya cak a haske ɗaya kusan kwana 100 kafin su faɗi, za ka iya ganin hakan a littafinka. Yin rajista da AAVSO don tura sakamako ba ya bukatar digiri, kuma masu turawa daga Yammacin Afirka ba su da yawa, ga shi akwai dararen da Turai ke rufe da gajimare mu namu a buɗe.

Idan kai ne ka fara ganin baƙon ɗigo

Ka riƙe bakinka tukuna. Sau da yawa ɗigon ba supanoba ba ne. Ka sake ɗaukar hoto bayan awa ɗaya: in ya gusa, dutsen sararin samaniya ne, kuma shafin Minor Planet Center yana da wurin da za ka sa mazauni da lokaci ya gaya maka ko wane ne. In ɗigon ya tsaya wuri ɗaya a allon kyamara alhali taurari sun matsa, laifin kyamara ne. In a hoto ɗaya kawai ya fito, watsar da shi. Ka gwada da tsofaffin hotunan sama da ke cikin manhajar Aladin, don wataƙila tauraro ne na galaksinmu da tsohon hotonka bai kai ga nuna shi ba. Sannan ka bincika Transient Name Server, domin na'urori irin su ATLAS da ZTF suna share sama kusan kowane dare, kuma galibi sun riga ka. Sai ɗigon ya tsallake duk waɗannan, ya kuma sake fitowa a dare na biyu, za ka tura rahoto da hotunan asali, mazauni, lokaci da kiyasin haske. Yana da kyau wani malamin kimiyyar lissafi ko fiziks, a jami'ar da ke Aliero ko ta tarayya da ke Birnin Kebbi, ya duba maka hotunan kafin ka latsa turawa.